Ina Ƙirga Ƙofofin da Aka Rufe: Littafin Aiki, Maris zuwa Yuli 2020

Talata, 17 ga Maris

Yau na buɗe jadawalin. Duk ƙasar da ta hana fitar da wani kaya saboda annobar korona, ko ta ƙayyade adadin da za a fitar, zan ba ta layi guda. Gurbi shida na yanka: ƙasa, kaya, irin matakin, ranar farawa, ranar ƙarewa, da inda na ga labarin. Na ba kaina mako biyu.

Turai ce ta zaburar da ni. Shekara da shekaru ana karantar da mu cewa kasuwarta ɗaya ce, kaya na tashi daga Jamus zuwa Italiya kamar daga ɗaki zuwa tsakar gida. Sai ga shi ranar 3 ga Maris Faransa ta ɗora hannu kan tarin takunkumin fuskar da kamfanoni ke riƙe da shi, washegari Jamus ta hana fitar da kayan kariyar ma'aikatan lafiya, alhali Italiya ce ke cikin wuta. Shekaranjiya Lahadi hukumar Tarayyar Turai ta ɗinke ɓarakar cikin gidan ta hanyar matsar da ƙofar zuwa iyakar waje. Na tsawon mako shida, babu mai fitar da takunkumi ko safar hannu ko rigar kariya zuwa wajen Tarayyar sai da takardar izini. Shugaban Sabiya, Aleksandar Vučić, wanda ƙasarsa ta daɗe a bakin zaure tana jiran a ce ta shigo, ya fito ya ce zumuncin Turai tatsuniya ce, ya juya ya roƙi Sin.

Layi tara na cika kafin idona ya fara yaji.

Alhamis, 19 ga Maris

Indiya. Tun 3 ga Maris ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne: wajen kashi 70 cikin ɗari na sinadaran haɗa magani da take shigowa da su daga Sin suke zuwa, masana'antun Sin kuwa sun kwashe makonni a rufe. Wanda ke ɗura wa duniya magani shi ma a rijiyar wani yake ɗiba.

Na tsaya ina shawara, layi ɗaya zan ba ta ko 26? Na yanke: doka ɗaya, layi ɗaya.

Asabar, 21 ga Maris

Sa'a uku. Ƙarin layi shida, duk kayan asibiti. Babu wani sabon abu.

Laraba, 25 ga Maris

Abin ya tsallaka daga asibiti ya shiga rumbu. Biyetnam, ta uku a duniya wajen sayar da shinkafa bayan Indiya da Tailan, ta tsayar da fitar da ita. Kazakistan ta hana fitar da garin alkama da wasu kayan abinci. Abin da ya ba ni haushi shi ne babu ƙarancin hatsi a duniya a bana. Rumbuna cike suke, cutar ba ta kama gona ba.

An taɓa yin wannan rawar a 2007 da 2008. Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa, masu saye irin su Filifin suka firgita suka yi ta rububi, farashi ya ninka kusan sau uku cikin 'yan watanni har tan ɗaya na shinkafar Tailan ya haura dala 1,000. Tsoron yunwa ne ya haifi tsadar, ba fari ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to amma a harkar fitar da kaya kowa daga tulun maƙwabcinsa yake ɗibar ruwan shafawar.

Na ƙara gurbi na bakwai: abinci ko magani.

Talata, 31 ga Maris

Mako biyun da na ba kaina ya cika, aiki bai ko kai gwiwa ba.

Jiya ministocin ciniki na ƙasashen G20 suka gana ta bidiyo ƙarƙashin jagorancin Saudiyya. Sun amince cewa duk matakin gaggawa ya zama mai takamaiman manufa, daidai gwargwado, a fili, kuma na ɗan lokaci. Ba su ce kowa ya janye nasa ba, da yake rabin mutanen da ke kan allon su ne masu rufe ƙofofin.

Na kwana biyu ina karatun GATT, yarjejeniyar da ke tsara cinikin kaya tsakanin ƙasashe, don in gane ko wani ya karya doka. Sashe na 11 ya haramta hana fitar da kaya ko ƙayyade adadinsa. Sai sakin layi na 2 ya buɗe taga: an yarda a yi hakan na ɗan lokaci don kauce wa matsanancin ƙarancin abinci ko wani kayan da ƙasa ba ta iya yi sai da shi. Ba a faɗi kwana nawa ne "ɗan lokaci" ba. Sashe na 20 kuma ya ƙara wata tagar don kare lafiyar ɗan'adam. Ashe ba a haura katanga ba, ta taga kowa ya fita, kuma tagar tun 1947 take nan. Abin da dokar ta nema ƙwarai shi ne a sanar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, don sauran su san inda aka kwana. Gurbi na takwas: an sanar ko ba a sanar ba.

Asabar, 4 ga Afrilu

Jiya Trump ya sa hannu kan umarnin tsare takunkumin N95 da safar hannu a cikin Amurka. Dokar da ya jingina da ita ta 1950 ce, ta zamanin yaƙin Koriya. Kamfanin 3M mai yin takunkumin ya fito fili ya ce an nemi ya daina kai takunkumi Kanada da Latin Amurka, ya kuma yi gargaɗin cewa wasu za su rama. Firaministan Kanada Trudeau bai ɗaga murya ba, ya dai tuna wa Amurkawa cewa ma'aikatan jinya na tsallakawa daga Kanada kullum suna aiki a asibitocin Detroit. Mai hankali ya gane karatun.

Laraba, 8 ga Afrilu

Ranar baƙin ciki. Na jera jadawalin bisa kwanan wata, sai na ga Jamus da Amurka sun faɗo rana guda, 4/3 da 4/3. Na yi murna kamar na tsinci dami a kala. Na zauna na rubuta shafi guda cur kan yadda manyan ƙasashen biyu suka rufe ƙofa a rana ɗaya, har da hasashen ko sun tuntuɓi juna. Na tura wa malamin da ya koya mini tattalin arziki, wanda ke duba mini aikin ta waya.

Ko minti goma ba a yi ba ya kira. Ya ce, "Kai, yaushe Jamus ta yi nata?" Na ce, "Huɗu ga Maris, Malam." Ya ce, "Amurka fa?" Sai na yi shiru. Uku ga Afrilu. Turawan Turai rana suke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuma wata sannan rana, ni kuwa ina kwafowa daga kowace jarida yadda na gani. Wata guda cur ne tsakaninsu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi kwaɓa." Ya yi dariya ya ce gara da aka gano a layi na 40 da a gano a na 400.

Sa'a bakwai na yi ina komawa kowane layi zuwa tushensa. Biyar na samu a birkice. Daga yau shekara ce a gaba, sai wata, sai rana, kuma ba na sake kwafo kwanan wata sai na buga da hannuna. Shafin hasashen kuma na goge shi, amma kunyar tana nan.

Cikin wannan hargitsi WTO ta fitar da hasashenta: cinikin kaya na duniya zai faɗi da kashi 13 zuwa 32 cikin ɗari a bana. Faɗin tazarar kaɗai ya isa labari. Indiya kuma jiya ta sassauta hanin da ta sa kan fitar da hydroxychloroquine, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake fatan zai yi wa korona, kwana ɗaya bayan Trump ya ce za a iya ramawa in ba ta saki ba. Doka ɗaya, an tsananta ta an sassauta ta cikin kwana huɗu. Tsarina na layi ɗaya ga doka ɗaya ya fara tsagewa.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Sin ta ɗaure mini kai. A hukumance ba ta hana fitar da komai ba, kuma jami'anta na maimaita hakan. Amma daga 1 ga Afrilu duk mai fitar da kayan gwajin cutar, takunkumin asibiti, rigar kariya, na'urar taimaka wa numfashi ko ma'aunin zafin jiki sai ya nuna rajistar hukumar magunguna ta ƙasar. Shekaranjiya kuma aka ƙara binciken kwastam a kansu. Suna da hujja: a ƙarshen Maris Holan ta janye takunkumi 600,000 da ta sayo daga Sin saboda rashin inganci, Sifaniya ta mayar da kayan gwaji, sunan ƙasar ya fara ɓaci. To amma kamfanin da ke da shaidar ingancin Turai ko ta Amurka, ba shi da ta gida, kayansa na jibge a sito yayin da asibitoci ke jira.

In na sa Sin cikin masu hani, na yi mata ƙage. In na cire ta, na cire ƙasar da tun kafin annobar ita ke yin kusan rabin takunkumin duniya. Ƙofa ce a buɗe da aka girke dutse a bakinta. Na ƙara gurbi na tara: hani kai tsaye ko a fakaice. Ina jin wannan gurbin zai fi sauran cika.

Laraba, 15 ga Afrilu

Jiya Trump ya dakatar da kuɗin da Amurka ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya, yana zarginta da goyon Sin. Ba ciniki ba ne, don haka na buɗe shafi na biyu na sa masa suna "siyasa".

Shafi na uku kuma na masu buɗe ƙofa ne, don kada aikin ya zama na mai ido ɗaya. Yau Singafo da Niyu Zilan suka yi alkawarin cire kuɗin fito kan kayan lafiya da barin hana fitar da su. Tarayyar Turai tun 3 ga wata ta yafe kuɗin fito da harajin kaya kan kayan asibitin da hukumomi ke shigowa da su. A wani rahoton WTO na ga matsakaicin kuɗin fito kan sabulun wanke hannu ya kai kashi 17 cikin ɗari a duniya. Ana cewa a wanke hannu, ana tatsar mai shigo da sabulu. Abin dariya shi ne sunayen da ke shafi na ɗaya su ne a shafi na uku: a buɗe ƙofar shigowa wangam, a datse ta fita.

Talata, 21 ga Afrilu

Jiya farashin gangar ɗanyen man Amurka na kwantiragin Mayu ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili, duk da yarjejeniyar rage ganga miliyan 9.7 a rana da OPEC da ƙawayenta suka ƙulla ranar 12 ga wata. Babu wurin ajiya. Bai shiga jadawali ba, na rubuta ne don kada wata rana in ɗauka mafarki na yi.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Jiya WTO ta fitar da nata lissafin: ƙasashe da yankunan kwastam 80 ne suka hana ko suka taƙaita fitar da kaya saboda annobar. Mambobi 13 kacal suka sanar da ita kamar yadda doka ta ce, in an ɗauki Tarayyar Turai a matsayin ɗaya. Sauran a jarida da shafukan gwamnati ma'aikatan hedikwatarta da ke Jeniba suka tsinto su, kamar yadda nake yi. Hakan ya ɗan sanyaya mini rai.

Nawa lissafin bai kai nasu ba, kuma da na bi diddigi na ga wani ɓangare na giɓin daga ƙirgar Turai ne, ɗaya ce ko 27. Na leƙa aikin Global Trade Alert na Simon Evenett a jami'ar St. Gallen, da taswirar Cibiyar Ciniki ta Ƙasa da Ƙasa, kowa da adadinsa, domin kowa da abin da yake kira mataki.

Da na kai wa Malam ƙorafi, sai ya ce ba wannan ne ciwona ba. Ya ce, "Kana ƙirga ƙofofi, ba ka auna abin da ke bi ta cikinsu. Ƙasar da ba ta taɓa sayar wa kowa takunkumi ba ta hana fitar da shi, ka ba ta layi. Jamus ma layi. Da wanne duniya ta ji a jikinta?" Ban ce uffan ba. Shiri na gaba: kowane layi zan haɗa shi da kason da ƙasar ke da shi a kasuwar duniya ta wannan kayan. Hakan na nufin koyon lambobin kwastam.

Litinin, 27 ga Afrilu

Rasha, wadda ta fi kowa sayar da alkama, ta ware tan miliyan 7 na hatsi da za a fitar daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni. Jiya aka ce kason ya ƙare. Ba jiragen ne suka gama lodi ba, 'yan kasuwa ne suka yi rige-rigen cike takardun kwastam don kama gurbi. Haka aka yi a Biyetnam: tan 400,000 na shinkafa aka ware wa Afrilu, aka buɗe rajista da tsakar dare, kafin gari ya waye an wawashe. Duk inda aka ƙayyade adadi, mai saurin hannu da mai jin raɗa ne ke ci.

Asabar, 2 ga Mayu

Kwana biyar ina fama da lambobin kwastam, kuma nan ne aikin ya fi ba ni wuya.

Tsarin mai sauƙi ne a takarda. Hukumar Kwastam ta Duniya ta ba kowane kaya lamba mai alƙaluma shida da kusan duk ƙasashe suka yarda da ita, huɗun farko na nuna rukunin kayan. Shinkafa 1006, alkama 1001, safar hannun tiyata 4015.11, na'urar numfashi tana cikin 9019.20. Na ɗauka zan nemo lambar takunkumi, in zazzage alƙaluman fitarwa na bara, in raba, shi ke nan.

Takunkumi ba shi da lambar kansa. Yana cikin 6307.90, wato "sauran kayan da aka ɗinka da yadi". A buhu ɗaya yake da igiyar takalmi da tutoci da tarkacen da aka rasa inda za a sa. Kayan da shugabannin ƙasashe ke faɗa a kansa, wanda ake tsare jirage dominsa, a littafin kwastam na duniya tarkace ne. Duk adadin da na ciro daga wannan lamba, igiyar takalmi na ciki. Wasu ƙasashe sun tsaga lambar zuwa alƙaluma takwas ko goma a nasu littafin, amma tsagin kowa daban, ba sa haɗuwa.

Akwai rumbun bayanai na kuɗi da ke da waɗannan tsage-tsagen. Na duba farashin rajistar shekara, da dala ne, ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, na rufe shafin. Zan yi da na kyauta na Majalisar Ɗinkin Duniya, in sa alamar ja a duk layin da ya dogara da 6307.90. Na abinci dai sun zauna daram, domin alkama alkama ce a ko'ina.

Ƙarin ciwon kai: manhajar jadawalin ta ɗauki 6307.90 a matsayin lissafi, ta yanke sifilin ƙarshe. Sai da na mayar da gurbin gaba ɗaya zuwa rubutu.

Jiya Biyetnam ta saki shinkafa gaba ɗaya. Layi na farko ke nan da na rufe da cikakkiyar ranar ƙarewa.

Alhamis, 7 ga Mayu

Awon kaso. Layi 22 na gama. Data ta ƙare a tsakiyar zazzagewa, na sake sayen wata.

Juma'a, 15 ga Mayu

Jiya Roberto Azevêdo ya ce zai sauka daga shugabancin WTO ranar 31 ga Agusta, shekara guda kafin wa'adinsa. Gidan da ma ya daɗe yana yoyo. Kotun ɗaukaka ƙararsa ta daina aiki tun 11 ga Disamba 2019 saboda Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbin alƙalai, har sai da Tarayyar Turai da Sin da wasu suka haɗa wata ta wucin gadi a ƙarshen Afrilu. Babban taron ministocin da za a yi a Kazakistan a Yuni an ɗage shi. Yanzu duk wanda aka kayar a shari'ar ciniki zai iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, maganar ta mutu a nan.

Laraba, 20 ga Mayu

Ostireliya ta rushe mini bangon da na gina tsakanin shafi na ɗaya da na biyu.

A Afrilu gwamnatin Scott Morrison ta nemi a yi binciken ƙasa da ƙasa kan asalin cutar. Jakadan Sin a can, Cheng Jingye, ya ce ta yiwu mutanen ƙasarsa su fara tambayar kansu dalilin cin naman Ostireliya da shan giyarta. Ranar 12 ga Mayu Sin ta dakatar da sayen nama daga manyan mayanka huɗu, ta ce matsalar lakabi da takardun shaida ce. Jiya kuma harajin kashi 80.5 cikin ɗari ya hau kan sha'ir ɗin Ostireliya, bisa zargin karya farashi da tallafin gwamnati. Binciken sha'ir ɗin tun Nuwamba 2018 aka buɗe shi, don haka a takarda babu ruwansa da korona. Kowace hujja tana da takardarta. Amma biri ya yi kama da mutum.

A ina zan sa wannan? Ba hanin fitarwa ba ne, ba kayan asibiti ba ne, kuma babu jami'in da ya ce ramuwa ce. Duk da haka annobar ce ta haife shi. Na ƙara gurbin da ke ɗaure layin ciniki da layin siyasar da ya gabace shi, tare da adadin kwanakin da ke tsakani. Ba zan rubuta "dalili" ba. Zan rubuta "ya biyo bayan", mai karatu ya yi hukunci.

Lambar naman shanu 0201 da 0202 ce. Manhajar ta cinye sifilin farko a sabon shafin, na yi rabin sa'a ina neman kaya mai lamba 201.

Laraba, 27 ga Mayu

Dokar izinin fitarwa ta Tarayyar Turai, wadda aka rage wa faɗi a ƙarshen Afrilu, wa'adinta ya cika a farkon makon nan, ba a sabunta ba. Babu taron manema labarai irin na ranar da aka kafa ta. Wannan ita ce matsalar gurbin "ranar ƙarewa": rufe ƙofa da ganga ake yi don jama'ar gida su ji gwamnati na kare su, buɗewa kuwa a sulale. Dole in koma jaridun gwamnati na kowace ƙasa ɗaya bayan ɗaya, wasu da harsunan da sai na nemi fassarar na'ura. Sa'a biyu a kowace ƙasa, in an yi sa'a.

Asabar, 30 ga Mayu

Jiya a jawabi ɗaya Trump ya ce Amurka ta yanke hulɗa da Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma za ta fara janye gatan ciniki na musamman da Hong Kong ke da shi. Bai taɓa yarjejeniyar 15 ga Janairu ba, wadda Sin ta yi alkawarin ƙara sayen kayan Amurka na dala biliyan 200 cikin shekara biyu. Zaɓe na tafe a Nuwamba, manoman waken soya kuma na da ƙuri'a.

Talata, 9 ga Yuni

An buɗe karɓar sunayen masu neman kujerar WTO jiya. Fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, da aka tsara ranar 1 ga Yuli, ba zai yiwu a ranar ba. Na cike ranakun ƙarewa guda 14.

Alhamis, 18 ga Yuni

Hane-hanen na raguwa, wani abu na tsirowa a gurbinsu. Japan ta ware yen biliyan 220 don taimaka wa kamfanoni su dawo da masana'antu gida. Firaministan Indiya Modi tun 12 ga Mayu yake wa'azin Indiya mai dogaro da kanta. A Turai ana ta maganar cin gashin kai a kayan da ba a wasa da su. Hani na mako shida ne, masana'antar da aka gina da tallafi kuwa za ta shekara ashirin tana neman a kare ta daga kayan waje. Na buɗe shafi na huɗu, ban cika shi ba tukuna.

Laraba, 1 ga Yuli

Yau na gane iyakar jadawalina.

Shekaranjiya Amurka ta sanar cewa ta kama remdesivir, maganin jinyar korona na kamfanin Gilead, da zai ishi jinyar mutum sama da 500,000: duk abin da za a sarrafa a Yuli, da kashi 90 cikin ɗari na Agusta da Satumba. Babu dokar hani. Babu izinin kwastam, babu sashe na 11, babu abin da za a sanar da Jeniba. Saye kawai aka yi. Amma ga majinyacin da ke wata ƙasa, sakamakon ɗaya ne da na ƙofar da aka sa wa kwaɗo, wataƙila ma ya fi, domin wannan ba a iya kai ƙararsa ko'ina.

Na koma baya na ga alamun sun daɗe. A Mayu Amurka ta yi alkawarin har dala biliyan 1.2 ga AstraZeneca don allurar rigakafi miliyan 300 da ba a ma tabbatar tana aiki ba. A tsakiyar Yuni Jamus da Faransa da Italiya da Holan suka ƙulla tasu ta har miliyan 400. Ina can ina bin takunkumi da igiyar takalmi, an shiga rumfa an saye kayan da ba a sauke ba.

Na kira Malam na ce aikin wata uku da rabi ya tashi a banza. Ya ce bai tashi ba, na ƙirga abin da mai ƙaramin ƙarfi ke yi in ya tsorata, yanzu saura in ƙirga abin da mai kuɗi ke yi.

Sabuwar yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meksiko ta fara aiki yau, kason hatsin Rasha kuma ya ƙare jiya. Duka na shigar.

Alhamis, 9 ga Yuli

An rufe karɓar sunayen masu neman kujerar WTO jiya. Takwas ne: Ngozi Okonjo-Iweala, Amina Mohamed da Abdel-Hamid Mamdouh daga Afirka, Yoo Myung-hee ta Koriya ta Kudu, Jesús Seade na Meksiko, Tudor Ulianovschi na Moldoba, Mohammad Al-Tuwaijri na Saudiyya, da Liam Fox na Birtaniya. Afirka ba ta taɓa riƙe kujerar ba, mace ma haka, ga shi kuma nahiyar ta shigo da 'yan takara uku maimakon ɗaya.

Lissafin abin da aikin ya ci zuwa yau: sa'a 190 da 'yan kai bisa abin da na riƙa rubutawa a gefen littafi, data sau huɗu fiye da yadda na saba saye, da ƙunshin takarda biyu na bugun yarjejeniyoyi don idona ya huta da allo. Rumbun bayanan kuɗi ban saya ba.

Tsohon jadawalin zan bar shi a buɗe, ina leƙa shi duk Asabar don cike ranakun ƙarewa. Sabon zan fara shi Litinin, na sayen rigakafi da magani tun kafin a sarrafa. Gurabensa: mai saye, kamfani, adadin allurai, kuɗin da aka bayyana, ƙasar da masana'antar take, da yawan jama'ar mai sayen don a ga allura nawa ta faɗa kan mutum ɗaya. Gurbin masana'anta ne zan fi sa wa ido, domin ƙasar da ake ɗura allurar a kwalba a cikinta tana da sashe na 11 a aljihu duk ranar da ta ga dama. Kafin Litinin sai na karanta yarjejeniyar TRIPS kan haƙƙin mallakar fasaha, musamman sashe na 31 na lasisin dole, wato izinin sarrafa magani ba da yardar mai haƙƙinsa ba, da sanarwar Doha ta 2001 kan lafiyar jama'a. Malam ya ce in fara da sanarwar, ta fi gajarta.